Minti Huɗu a Ƙarƙashin Tebur

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Likita ya ce jinina ya hau, in rage surutu. Maman yara ta ce in dai rage surutu ne maganin, gara a fara yi mini addu'a tun yanzu. Shi ya sa na ɗauko wannan littafin, ragowar na wani ɗalibin 'yata Malama ne, shafi huɗu na farko duk lissafi da jan biro. A nan zan riƙa zuba surutun. Wanda ya tsinta ya yi haƙuri da rubutun. Aji biyar na tsaya, shi ma rabinsa a durƙushe na yi shi a bakin ƙofa.

Sana'ata lasifika, gyara da haya. Shekara ashirin da biyu duk taron da aka yi a ɗakin taron hukuma ni ne a kusurwa, bayan miksa, na'urar haɗa sauti, da waya a wuya kamar mai wasa da maciji.

Yau Sakataren Ciyaman ya leƙo shago. Ranar 18 akwai zaman jin ra'ayin jama'a kan ƙudirin dokar nan ta rajistar wuraren ibada. Kwamiti zai zo daga majalisar ƙasa. Makirfo uku, a naɗi komai a faifai, a kai musu kafin ƙarshen wata. Na ce an gama. Ya ce, "Kamar kullum fa." Na ce kamar kullum.

Talata, 3 ga wata, hantsi

Bari in rubuta abin da ake nufi da kamar kullum, tunda littafi ba ya kai ƙara.

Ba a ce wa mutum yi shiru a gaban jama'a, rashin kunya ne. Sai dai in mai magana ya fara shiga inda ba a so, Ciyaman ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur. Ni kuma in ja maɓallin makirfonsa ƙasa. Sai in dafe kai, in kalli sama kamar wanda aka zalunta, in rarrafa ƙarƙashin teburina ina taɓa wayoyi. Kafin in fito lokacinsa ya ƙare. Kowa ya zagi kayana, ba wanda ya zagi Ciyaman.

Ciyaman huɗu na yi wa. Na uku ba ya sa tabarau, sai da aka saya masa na banza.

Da ina ba da labarin nan a gida ana dariya har da hawaye. Malama tana ƙarama takan shiga ƙarƙashin kujera ta ce, "Ni ce Baba, an samu matsala."

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ina shan shayi Malama ta ajiye mini takardu shafi goma sha tara a gefen kofi. Na ce, "'Yar nan, in kashe ni kike so ki sa guba, ta fi sauri." Ba ta yi dariya ba. Ta zauna ta karanta mini wurare uku da ta ja wa layi.

Abin da na fahimta, da kan aji biyar: duk wurin ibada sai ya yi rajista. Ba a yi maka rajista sai kana da mabiya dubu biyar da suka sa hannu. In ba ka da rajista, mutum fiye da goma ba za su taru su yi ibada ba. Sai sashe na tara, wanda ta karanta sau biyu: ma'aikacin gwamnati zai rubuta wurin ibadarsa a fom, kuma wanda nasa ba shi da rajista ba zai koyar da yara ba.

Ni masallacinmu ranar Juma'a har kan titi ake sahu. Dubu biyar a alwala ɗaya za a same su. Maman yara kuwa cocinsu ɗaki ne a saman shagon tela. Haka na aure ta, da nata, ni da nawa, shekara talatin ba wanda ya ja wani. Malama ta bi uwarta. Na sha magana wajen dangi a kan haka har kunnena ya yi kanta.

Na ce, "Ku nawa ne yanzu?" Ta ce sittin da uku. Maman yara daga kicin ta ce, "Har da jarirai biyu."

Shekara shida tana koyar da aji uku. Ban samu abin wasan da zan faɗa ba, sai na ce shayin ya yi sanyi.

Asabar, 7 ga wata, azahar

Mai facin taya, maƙwabcin shagona, yana goyon bayan dokar. Ya ce, "Kai ka manta bara? Mutum ɗaya da lasifika ɗaya, ya hau kan mota ya yi wa'azi awa biyu, kafin magariba an ƙone layi guda. Shagon ƙanena yana ciki. Wa ya san daga inda ya fito? Wa ya ba shi izini?"

Na ce ban manta ba.

Ya ce, "Lasifikar ma wa ya sani ko taka ce."

Na ce tawa da ta mutu a minti goma, da an huta. Muka yi dariya. Amma gaskiyarsa ce a kan ƙanensa, mutumin har yau bai tashi ba. Na ce to su mutum sittin da uku na saman tela me suka ƙona? Ya ce ai ba su ake nufi ba. Na ce takardar ba ta ce ban da su ba. Ya ce, "Yaushe ka fara karanta takarda, Farfesa?" Na ce karanta mini aka yi.

Manyan coci ma suna so, in ji shi. Sun sa hannu tare da limamai, har hoto aka ɗauka.

Lahadi, 8 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na hau saman tela na gyara musu lasifikarsu, tana kuka kamar akuya. Da ma ɗakin bai kai a sa lasifika ba, in ka yi atishawa a gaba na baya zai ce maka sannu. Amma tsohon da ke jagorantarsu ba ya jin kansa in babu ita.

Na tsaya a bakin ƙofa da takalmina har suka gama. Sun zaɓi wanda zai yi magana a madadinsu ranar 18. Tsohon ya ce harshensa ya tsufa. Duk suka juya suka kalli Malama. Sannan wata tsohuwa ta juyo ta kalle ni, ta yi murmushi, ta ce, "Ai mun yi sa'a, babanta ne mai na'urar."

Na ce, "Ƙwarai kuwa, Inna." Na sauko. Matakala goma sha bakwai ce, ban taɓa ƙirgawa ba sai yau.

Litinin, 9 ga wata, safe

Jini ɗari da sittin. Na ce wa likita na'urarsa ce ba ta da kyau, in ya so in duba masa.

Laraba, 11 ga wata, bayan magariba

Malama tana gugar kayan makaranta, ba ta ɗago ba, ta ce, "Baba, kai ne a kan miksa ranar?"

Na ce wa kuma, duk garin nan akwai wani kyakkyawa irina?

"Ba wasa nake ba."

Na ce na sani.

"Minti biyar aka ba kowa. Ba zan zagi kowa ba. Sashe na tara kawai zan yi magana a kai. In ya cire tabarau fa?"

Na ce ko idonsa ya cire ya ajiye a tebur ba zan taɓa maɓallin ba. Na ce hannun nan da ya ɗauke ki ranar da aka haife ki. Na ɗaga shi sama har da juya shi kamar mai talla. Maman yara ta ce, "Ajiye hannun, ka ba ta amsa da baki." Na ce na yi alkawari.

Malama ta ce, "To." Ta ci gaba da guga.

Juma'a, 13 ga wata, la'asar

Liman ya yi huɗuba a kan dokar. Ya ce za ta raba mu da masu wa'azin tasha. Muryarsa ta fita tas har bakin kasuwa, aikina ne, sai da na ji daɗi kafin na tuna. A ƙofa an ajiye takarda ana sa hannu. Na yi kamar takalmina ya ɓata har layin ya watse. Wani ya taya ni nema, ga shi a ƙafata.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe sha ɗaya

Sakatare ya kawo jerin masu magana, mutum ashirin da biyu. Ya ɗora yatsa a lamba goma sha huɗu ya ce, "Wannan ba taka ba ce?" Na ce da alama, sunan ya yi kama. Ya ce Ciyaman ya sani, kuma ya ce ba komai, aiki daban gida daban. Na ce Allah ya ƙara wa Ciyaman lafiyar ido.

Da rana na ce wa Maman yara ina jin jiri, ƙila in sa wani abokin sana'a ya zauna mini ranar. Ta dube ni yadda take duban kifi a kasuwa. Ta ce, "In wani ne a wurin, tana yin tari zai yanke ta. Kai za ka zauna. Shekara ashirin da biyu kana ci da kujerar nan, rana ɗaya ta yi mana amfani."

Jirin ya warke nan take. Matar nan da ta yi karatun likita da an rufe asibitoci.

Talata, 17 ga wata, yamma

Na kai kaya, na ja wayoyi, na gwada makirfo uku. Gwaji, gwaji, ɗaya, biyu. Iyakar abin da na taɓa faɗa a makirfo ke nan tunda na fara sana'ar.

Da ɗakin ya zama ba kowa na zauna a kujerata na gwada zama a kan hannun dama. Yana yiwuwa, sai dai mutum ya karkace kamar mai maruru. Mai shara ta shigo ta same ni a haka, ta ce lafiya, Baba? Na ce ina ɗumama shi ne.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe shida na safe

Malama ta sa farar rigarta ta ranar da aka ba ta takardar aiki. Ta ci burodi rabi. Ta ce, "Sai mun haɗu a can, Baba."

Laraba, bayan magariba

An yi taro. Fanka ɗaya ba ta aiki.

Alhamis, 19 ga wata, safe

Na je na kwaso kaya. Waya ɗaya ta tsage a wajen kai, sai an yi mata dalma. Naɗe waya ma sana'a ce, mutane ba su sani ba, in ka naɗe ta a gwiwar hannu kamar igiyar shanya wata uku ta karye daga ciki. Ana bin ta ne yadda take so, hagu, dama. Na naɗe goma sha ɗaya. Na warware biyu na sake naɗewa don ba su yi mini kyau ba.

Malama ta kwana gidan ƙanwar uwarta. An ce ya fi kusa da makaranta. Shekara shida bai fi kusa ba sai jiya.

Maman yara ta ajiye mini abinci ta rufe da faranti. Ba ta ce ga shi ba.

Alhamis, yamma

Na yi dalmar.

Juma'a, 20 ga wata, hantsi

Mai faci ya shigo ya zauna a kan tsohuwar lasifika, abin da ya san na hana. Ban hana shi ba. Yana wurin ranar, a layi na uku.

Ya ce, "Ni fa ina son dokar nan, ka sani." Na ce na sani. Ya ce, "Amma yarinyar nan ta iya magana. Ta ce tana da yara arba'in da ɗaya a aji, ba ta taɓa tambayar ɗayansu inda ubansa ke ibada ba, ta dai san wanda bai karya ba. Daga nan ne."

Na ce daga nan ne me.

"Daga nan ne ka shige ƙarƙashin tebur, Farfesa."

Na ce wayar ce. Ya ce, "Ni za ka gaya wa waya?"

Ya ce ba ta tsaya ba. Ta kalli makirfon, ta kalli kusurwata, ta ci gaba da karantawa da bakinta kawai. Na gaba suna ji kaɗan kaɗan, na baya suna ta ihun a gyara, 'yan kwamiti suna duba wayoyinsu. Har ta kai ƙarshe ta ce na gode, ta ninke takardar ta sauka. Ni ban ga wannan ba. Abin da na gani ƙasan tebur ne, an manna cingam uku a wurin.

Hannu ne. Wallahi na zauna a kansa tun daga lamba goma. A lamba goma sha uku makirfo ya yi ƙara na ciro hannun na gyara, ban mayar da shi ƙarƙashina ba. Na ga tabarau ya sauka. Ban yi tunanin komai ba, da na yi tunani ma da da sauƙi, da sai in ce tsoro ne. Ina ɗagowa na ga maɓallin a ƙasa da yatsana a kai. To me ya hana ni mayar da shi sama? Daƙiƙa ɗaya ce. Sai na ji gwiwoyina sun riga sun kai ƙasa, su ma sun san aikinsu.

Mai faci ya ce in sha ruwa, fuskata ba ta yi masa ba.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe uku

Na saurari faifan. Daga miksa nake naɗa, saboda haka abin da na yanke a ɗaki na yanke shi a faifai. Ta gaishe da kwamiti, ta faɗi sunanta da aikinta, yara arba'in da ɗaya, wanda bai karya ba. Sai shuuu.

Minti huɗu da daƙiƙa goma. Na auna sau uku, bai ragu ba.

Sai muryata, tas, gwaji, gwaji. Sai lamba goma sha biyar, wani mai ƙaton ciki, ya yi minti tara yana gode wa Ciyaman.

Lahadi, 22 ga wata

Sun tafi saman tela. Ba a ce in zo in duba lasifika ba.

Litinin, 23 ga wata, azahar

Ciyaman ya aiko a kira ni. Na ɗauka sannu da aiki za a yi mini, har na shirya yadda zan ƙi karɓa. Ina shiga ya ce, "Kai wane irin mutum ne? A gaban baƙi daga majalisa kayanka za su mutu? Wata 'yar jarida tana ta kirana wai mun toshe bakin malamar makaranta."

Na ce ranka ya daɗe, tabarau.

Ya ce, "Wane tabarau? Gumi ne ya cika mini ido, fankar da ke kaina ba ta juyawa. Gogewa na yi." Ya kalli Sakatare. Sakatare ya kalli silin. Ya ce, "Ni yarinyar ma ta burge ni. Me za ta faɗa da zai hana doka wucewa? Ka sayi sababbin wayoyi, don Allah."

Ko gaskiya ya faɗa ko ƙarya, ban sani ba, kuma na gaji da juya shi. In ƙarya ce, na sayar da 'yata don ya ji daɗi. In gaskiya ce, ba wanda ma ya nemi saye.

Na ce a gafarce ni, za a gyara. Har da rusunawa. Wannan ma jiki ne ya yi da kansa.

Talata, 24 ga wata, bayan la'asar

Na samu dabara, irin ta masu aji biyar. In Malama ta zo shago ta karanta takardarta a makirfo, zan ɗora muryar a cikin ramin nan daidai, in sa ɗan hayaniyar ɗaki a ƙasa. Ko ni ba zan gane ɗinkin ba. Kwamiti su ji komai.

Na faɗa wa Maman yara tana yankan albasa. Kwana shida ke nan maganarmu ba ta wuce an kawo wuta, an ɗauke wuta. Ta ce, "Ka iya gyara, ba wanda ya ce ba ka iya ba." Na ce to ki gaya mata. Ta ce, "Kai ba ka da baki?" Na ce likita ya hana. Ta ajiye wuƙar. Ta ce, "Shekara talatin ina dariyar maganarka, har wadda ba ta da daɗi. Yau ka bar ni."

Na bar ta. Amma ta aika.

Alhamis, 26 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi

Ta zo daga makaranta, da alli a hannun riga. Na share kujera, na kafa makirfo mafi kyau, wanda ba na ba haya. Ta gaishe ni yadda ake gaishe da baban ƙawa.

Na yi mata bayanin ɗinkin. Ta saurara har ƙarshe, a nan halin uwarta ta biyo. Sannan ta ce, "In ka ɗora, faifan zai ce an saurare ni."

Na ce ai shi ake so.

"Ba a saurare ni ba, Baba."

Na ce Ciyaman ya ce gumi yake gogewa. Ban san me ya sa na faɗa ba, ko na ɗauka zai rage wani abu. Ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Ta ce, "Ka san me nake kallo ina karantawa? Ƙafafunka. Su kaɗai suka leƙo daga ƙarƙashin tebur. Na ce to, tunda su ne suka tsaya, bari in karanta musu. Su na yi wa na gode."

Na kalli ƙafafun. Ba su ce komai ba.

Ta ce ba za ta karanta ba. Ta ce in bar shirun yadda yake, ko daƙiƙa kada in rage. "Amma shirun nan ba nawa ba ne. In kana son gyara, ka gaya musu na wane ne, da yadda ake yin sa, da tun yaushe. Mutum nawa ka yi wa kafin ni?"

Na ce ban ƙirga ba.

"Su ma 'ya'yan wasu ne."

Na ce in na faɗi wannan, ni da ɗakin taron hukuma sai dai in hango shi daga titi. Ta ce, "Ni ma fom ɗina yana hanya." Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta ce in riƙa shan maganina, uwarta ta ce ina tsallakewa.

Juma'a, 27 ga wata, safe

Ba na jin komai sai gajiya. Ko ƙarfen dalma na ɗauka sai in ji kamar guduma.

Juma'a, yamma

Wata mata ta faɗo mini, shekara goma sha biyu da suka wuce, a kan filin kasuwa da aka ƙwace musu. Tana da tabo a goshi. Ta yi ta bubbuga makirfon da tafin hannu tana cewa ɗana, taimake ni. Ni ta kira ɗana. Da na dawo gida na kwaikwayi yadda take bugawa, aka yi dariya.

Asabar, 28 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na rufe shago daga ciki. Mai faci ya ƙwanƙwasa ya ce ko na mutu ne a raba kayan. Na ce ya dawo bayan awa ɗaya, in ban buɗe ba amfilifaya tasa ce.

Na kunna. Na ce gwaji, gwaji, sai na tsaya, don daga nan ban san hanya ba. Sau biyar ina farawa. Na farko na fara da barkwanci, na goge. Na biyu na ce na'ura ce ta samu matsala amma, na goge. Na biyar na faɗi sunana da sana'ata, na ce shirun da za ku ji yanzu ni na yi shi da hannuna, mai maganar 'yata ce. Na faɗi tabarau. Na faɗi Ciyaman huɗu, har da wanda aka saya wa na banza. Na faɗi matar mai tabo. Na ce ni ban iya karanta doka ba, amma na san yadda ake hana mutum magana ba tare da an ce masa yi shiru ba, don shi na ci na sha da shi, kuma sashe na taran nan da aka karanta mini ya yi mini kama da aikina.

Na sa shi a gaban minti huɗun. Su kuma ban taɓa su ba.

Litinin, 30 ga wata, azahar

Na kai ofishin da kwamiti suka bar wakili. Wani saurayi ne da waya a kunne. Ya karɓa bai dube ni ba, ya rubuta lamba a jiki, ya jefa a kwali. Kwalin ya kusa cika, garuruwa da yawa. Na ce, "Ɗan'uwa, ana sauraron waɗannan kuwa?" Ya ce akwai masu buga su a takarda. Na ce su kuma takardun? Ya ce, "Baba, akwai mutane a bayanka."

Ba kowa a bayana.

Alhamis, 3 ga sabon wata, safe

Rediyo ta ce ƙudirin ya wuce karatu na biyu. Wai za a duba wasu sassa. Ba a faɗi waɗanne ba.

Ashe dai akwai mai sauraro. Mai buga takardar ta ji, ta gaya wa wani, wani ya gaya wa Sakatare. Jiya an yi taron 'yan kasuwa a ɗakin hukuma, wani na hango yana shiga da lasifika, yana naɗe waya a gwiwar hannu. Ba a aiko mini da ko takardar kora ba. Mai faci ya ce in bari ya koya mini faci, iska ba ta da siyasa. Har yanzu yana son dokar. Ya kawo mini shayi.

A masallaci mutum biyu sun amsa sallamata da rabin baki. Ɗaya kuma ya matse mini hannu ya wuce, ban san ko na wane ɓangare ba ne.

Asabar, 5 ga wata

Ba aiki. Na share shago. Jini ɗari da hamsin da biyar, wai ci gaba.

Lahadi, 6 ga wata, bayan la'asar

Ta biyo uwarta gida daga saman tela. Mutum hamsin da ɗaya yau, in ji Maman yara, wasu ma'aikata sun fara zama a gida tun kafin a sa hannu. Fom ɗin ya iso makaranta ranar Juma'a, wai na shiri ne kawai. Yana cikin jakarta, ba ta cike ba, ba ta kuma ce ga abin da za ta rubuta ba. Ban tambaya ba.

Bayan an ci abinci ta ce, "An ce ka yi jawabi." Na ce sharri ne. Ta ce in akwai kwafi tana son ji.

Na sa mata na kunne, na koma bakin ƙofa ina gyara kujerar da ba ta lalace ba. Ina ganin fuskarta ta gefe. Na san inda muryata ta ƙare, don na ga ta gyara zama. Na ɗauka za ta cire. Ba ta cire ba. Ta zauna ta saurari minti huɗu da daƙiƙa goman nan gaba ɗaya, hannunta a cinya, uwarta a tsaye da faranti ba ta ajiye ba.

Da ta cire ta naɗe wayar a hankali, hagu, dama. Ta ce, "Ka matsa kusa da makirfo da yawa, Baba. Numfashinka ya fi maganarka ƙara."

Shekara ashirin da biyu ina gaya wa mutane su ja baya taki ɗaya.

Na ce karo na farko ne, a yi mini uzuri. Ta ce, "An ji dai." Ta sa kwafin a jaka, kusa da fom. Ta tambayi uwarta ko an taɓa mata ɗaki, uwarta ta ce wa zai taɓa. Ta ce gobe tana da aji ƙarfe bakwai da rabi, in tashe ta in na dawo daga masallaci.